Aike Babu Komowa

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana ne, cikin Janairun 2004, a ɗakin gadi na wani sito da ke bayan kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, a birnin Doha. Mu uku ne: ni da nake bakin aiki, da wani mai lodin kaya ɗan zangon Kumasi, da dattijon direba mutumin Gusau wanda duk muke kira Baba. Talabijin ta nuna wasu Turawa suna tsalle suna rungumar juna. Da yake ni ne mai ɗan jin Turanci, Baba ya ce in gaya masa me suka samu.

Na bi masa daki-daki. Roka ta ɗaga kumbo daga ƙasa, tana ƙone manta tana yar da sassanta a hanya. Kumbon ya yi watanni yana tafiya. Da ya isa duniyar Mars, ya sauke wata 'yar mota mai taya shida, ba direba, a tsakiyar jar hamada. Akwai kalmar da mai labarai yake ta nanatawa, na juya ta da Hausa na ce aike. An aiki motar ne na wata uku.

A wurinmu aike bai cika ba sai ɗan aike ya komo ya ce ya isar. Haka Baba ya ɗauka, haka ni ma.

Ɗan Kumasi ya yi dariya ya ce, "Baba, mota nan ya fi ka. Wata uku, khalas, ya koma gida. Kai fa?"

Wasan ya taɓa gyambo. Baba ya zo Doha da niyyar shekara biyu, har furfura ta cinye gemunsa bai koma ba. Yana da jikokin da bai taɓa ɗauka ba. Duk ƙarshen kwantiragi mutanen gida da yake aika wa kuɗi su ce ya daure ya ƙara shekara ɗaya, shi kuma kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ba ya son sakin direban da ya san kowane lungu. Ba a barin ƙasar kuwa sai da takardar fita daga hannun kafil. Baba ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa, ya ce ranar da aka dawo da 'yar motar nan, ranar shi ma zai nemi takardarsa.

Tun daga nan ba mu huta ba. Kafin ya kashe mota zai leƙo ta taga ya tambaya ko an dawo da ita. Wata uku suka cika, aka ce an ƙara mata lokaci. Ɗan Kumasi ya ce ita ma an sabunta mata kwantiragi ke nan. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Ran Juma'a in mun fita Corniche, can bakin teku, shan iska, Baba ba ya iya zama. Ya je wajen jiragen katakon da ke ɗaure ya dawo, ya sake komawa.

Ni ba na son magana a rataye. Wata ranar hutu na shiga shagon intanet a unguwar Muntazah na karanta abin tun daga tushe. Motar ba ta da injin tashi. Ba ta da man dawowa. Ba a taɓa shirya mata komowa ba. Na kuma ga cewa tayarta ɗaya ta gaba ta mutu, yanzu da baya-baya ake tuƙa ta tana jan gurguwar ƙafa.

Na same shi a bakin sito yana matsa gwiwarsa, na faɗa masa duka, ban rage ba.

"Wato tun ranar da suka harba ta sun san ba za ta komo ba?"

"Sun sani, Baba."

"Kuma tana aiko musu hotuna?"

"Tana aikowa."

Ya daɗe yana kallon kwandunan tumatir da ake saukewa, sannan ya ce, "To me zai sa su kira ta."

Washegari ya shiga wurin kafil. Aka ce gobe. Goben ta zo aka ce wani mako. Baba bai yi faɗa ba, bai yi magiya ba. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya tsaya a ƙofar ofis ya gaisa ya maimaita buƙatarsa. Mutanen gida bai gaya musu ba, don ya san amsarsu. Da zafi ya kankama takardar ta fito. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa filin jirgi, ɗan Kumasi na biye da kwalin dabino.

Ni na ƙara shekaru bayansa kafin na tattara nawa.

Mai karatu, in kana da wani a ƙasar waje, ga roƙona. Ranar da ya kira, bayan gaisuwa, tambaye shi watan da zai dawo. In ya faɗa, ka riƙe watan, ka tuna masa, kada kuma ka ce ya ƙara ɗaya.