Gidan Gaba a Motar Hayatu

Idan ka shigo Adabka ka tambayi Hayatu mai Siyana, ko makaho ya nuna maka gidan. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, in ya ji haushi ya sha ruwa. Uwar tasa gwaggona ce, amma duk gari Inna ake ce mata, ni ma haka nake ce mata.

Manomin gero da dawa ne tun yana ƙarami, daga baya ya shiga sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Gummi. Ya yi zamanin jaki, ya yi na babur. Ba ya cin na kowa, ba ya faɗa. Ciwonsa ɗaya a duniya, shi ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "Wancan" take cewa. In ya zo gaisuwa da safe sai ta juya wa bango ta amsa ciki-ciki. Kakarsa ce ta raine shi. Ya ce ya saba, mu ma muka ɗauka ya saba.

Ashe da sauran rina a kaba. Usama, autan Inna, wanda ke aikin gwamnati a Bukkuyum, ya je Sakkwato ya dawo da mota Zafira, 'yar madaidaiciya mai layin kujeru uku. Ranar da ya kawo ta, Inna da kanta ta fito, ta shafa ta, ta shige gidan gaba ta harɗe. Suka zaga gari tana tauna goro tana dariya har da dukan kafaɗar Usama. Ina tsaye kusa da Hayatu a bakin rumbu. Wallahi na ji ƙarar haɗiyar yawunsa.

"Wagga ita ce mota?" ya ce. "In an sa mutum bakwai, ina za a sa buhu?"

Na ce, "To mai buhu, ina taka?"

Da na san abin da zai biyo baya da na kama bakina. Daga ranar Hayatu ya zama malamin motoci. Mutumin da bai san bambancin birki da totur ba, sai ga shi a tashar Gummi yana leƙa ƙarƙashin motocin mutane. A majalisa ba a ƙara jin farashin dawa daga bakinsa ba. Zafira ba ta shan mai sosai, ya yarda, kuma tana shiga lungu, amma ai mai dogayen ƙafafu sai ya naɗe su a baya. Galaksi da Sharon kuwa Hassana da Usaina ne a wajensa, suna da ciki, suna ɗaukar kaya, kowane makanike ya san su. Fiknik ta yi masa, sai dai wai ba ta da kwarjini. Duk wannan bayani, ƙarshensa ɗaya ne kullum: wacce ce Inna za ta fi jin daɗin zama a gabanta?

Bayan kaka ya sayar da bijimai ya sayo Sharon. Ya shimfiɗa darduma sabuwa fil a kujerar gaba, ya hana kowa zama. Matarsa Fiddausi ta taɓa gwadawa, ta sha kallon da ya sa ba ta sake ba. Ya faka a ƙofar Inna, ya aike ni in ce ta fito ta sa albarka. Ta ce, "Ce ma Wancan Allah shi tsare." Ko leƙowa ba ta yi ba. Da la'asar kuma Usama ya zo ya ɗauke ta zuwa gaisuwar rasuwa, suka wuce ta gaban Sharon ɗin tana gidan gaba.

Na ce masa, "Kai Hayatu, kunya ce. Ko jirgi ka sayo ba ta zama kusa da kai."

"Ba haka ba ne, Saudatu. Sharon motar haya ce, ta zaci tasha za a kai ta. Kuma Inna tsohuwa ce, ƙofar ta yi mata wuyar shiga."

Kai jama'a! Mutum da furfura a gemu yana kishin yaron da ya goya. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, don na san ba mota yake nema ba. So yake sau ɗaya a rayuwarsa a gan shi da uwarsa kamar yadda ake ganin Usama.

Shekara ta zagayo ya musanya Sharon da Siyana, doguwa, mai ƙofar da ke zamewa gefe, ga sanyi. Kaf Adabka ba mai irinta. Darduma ta koma sabon gidan gaba. Siyana ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki liman da ladan. Inna dai tana cikin Zafira. Ya daina gaisawa da Usama yadda ya kamata, in yaron ya miƙo hannu sai ya ba shi 'yan yatsu.

Ana haka 'yar'uwarsu Hafiza ta haihu a Gummi. Ranar suna Usama yana Gusau, aiki ya riƙe shi. Na shiga na tarar da Inna ta yi shiri tana cewa a kira mata ɗan kabu-kabu. Da wannan ciwon gwiwa, a wannan hanya mai ramuka! Raina ya ɓaci.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Ga motar Hayatu nan a ƙofa, ki hau babur gari ya yi da shi? Mi yai miki?"

Ta miƙe. Sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta fito.

Hayatu har yana tuntuɓe wajen buɗe gidan gaba. Ta wuce shi kamar ba ta gani ba, ta shiga ta ƙofar gefe, ta ratsa layin tsakiya da rarrafe, ta je can ƙurya, kujerar ƙarshe, inda ake cusa yara. Na bi ta na zauna. Gidan gaba ya tafi Gummi ba kowa a ciki.

Tuƙi ya yi kamar ya ɗauko ƙwai. Kowane rami sai ya kusa tsayawa. Ina hango idonsa a madubi, nan da nan ya kalli hanya, nan da nan ya kalle mu. Muka yi nisa. Can Inna ta shafa kujerar da tafin hannu, ta sunkuyo kunnena.

"Allah shi yi ma Hayatu albarka," ta ce. "Ya wahala da ni."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na buɗe baki zan kira shi, ta damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kika faɗa mai, ban yafe ba." Motar kuwa doguwa ce, ga sanyi yana hurawa, bai ji komai ba.

Da muka dawo gida da yamma, Inna ta shige, ya tare ni a bakin mota.

"Na ga bakinta na motsi. Mi tac ce?"

Na kalle shi, dattijo guda, yana jira kamar yaron da aka ce an yo wa tsaraba. Sai na ce masa:

"Ta ce ka cika gudu."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ja ƙofar gefe ya rufe.

"Hala a motar Usama ba ta cewa haka," ya ce.