Haƙoran Baba Alhaji

A gidanmu na Indabo, idan an idar da sallar isha'i, Iya, kakarmu, takan tara mu bakin murhu ta yi mana tatsuniya. A shekarar da nake tunawa, ƙaninta Baba Alhaji bai daɗe da dawowa daga Makka ba, da jerin haƙoran roba da aka sa masa a hanya. Ba ya cire su ko zai kwanta, don kunya. Sai ya fara ramewa. Tuwo ya gagare shi, kunu ma sai ya huce.

Ran nan yana kishingiɗe a ƙofar ɗakinsa, Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ku matso, ta zo muku," in ji ta.

Wai wata mata ce mai wawulo ta je kogin Wudil, aljanar ruwa ta ba ta haƙora farare tas. Sharaɗi ɗaya: kullum dare ta cire, ta goge da asuwaki, su kwana a ruwan bagaruwa. Matar ta ƙi, kada a ga bakinta wayam. Sai wani farin abu kamar funfuna ya tsiro ƙarƙashinsu, ya bi dasashi, ya haye harshe, ya gangara maƙogwaro.

Itace ya ƙare, ba wanda ya tashi ya ƙara.

"Iya, ta mutu?" na tambaya.

"Muryarta ce ta fara tafiya, 'yar nan. Ta zo neman taimako, ba bakin faɗa."

Daga cikin duhu Baba Alhaji ya ce, da ƙyar, "Yaya, yara kike ba wa labari ko ni?"

"Wa ya kira sunanka? Ai kai haƙoranka na Makka ne."

Da asuba na tarar da ƙoƙo a bayan ɗakinsa an rufe da faifai. Na ɗaga. Haƙora ne kwance cikin jan ruwa, suna yi mini murmushi. Sai da lokacin girbi ya zo kafin ya iya haɗiye tuwo, muryarsa kuwa ba ta koma daidai ba har ya rasu.

Yau ni ma na roba gare ni. Likita ta ce cutar nan ta farin abu gaskiya ce, tana son ɗumi da danshi. Jikokina suna dariya in sun ga haƙorana a kofi. Ina barinsu su yi. Na ji muryar wanda ya ƙi a yi masa dariya.