Ƙayar Aduwa da Faifan Kawu Sada

Ranar Juma'ar farko bayan an cire gyaɗa, shekarar da na shiga aji huɗu, Kawu Sada ya fito da garmahonsa zaure ya ce in zo in koyi aiki. Yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin firamare da ya koyar a ƙauyukan Safana kafin ya dawo gida Karare. Duk inda aiki ya kai shi sai ya bi gidajen tsofaffi yana neman fayafayan garmaho, har ya cika akwatin ƙarfe. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci.

A cikin fayafayan akwai ɗaya da ya fi so. Babu mawaƙi a cikinsa, babu makaɗi. Ya ce wani akwati ne na ƙasar waje da ake juya hannunsa ya yi kiɗa da kansa, shi aka ɗauka. Ba ya yarda allurar ƙarfe ta taɓa shi, wai tana cinye faifai. Ƙayar aduwa yake ɗaura wa garmahon, ɗaya ga kowane saurare. Aikina ke nan: in na dawo daga kai wa awaki harawa, in tsinko ƙaya, in shanya, in fiƙe bakinta a dutse, in jera a kwalin ashana.

Wata rana ya tafi Batsari, kwalin kuma babu ko ɗaya, ni kuwa kiɗan nake marmari. Na ɗauko allurar ɗinkin Inna na ɗaura, na juya hannun. Faifan bai yi nisa ba na ji ƙiii. Na mayar da shi rigarsa ta takarda, na kwana uku abinci ba ya shiga.

Da ya sa shi ranar Juma'a, kiɗan ya zo tsakiya ya yi tsalle. Kawu ya ɗaga faifan ga haske, ya daɗe yana duban karcen. Sai na je na ɗauko allurar na ajiye gabansa.

"Uwata," ya ce, "da kin tambaye ni." Ya miƙo mini kwalin. "Tashi ki samo ƙaya. Ai bai mutu ba, ɗingishi yake."

Shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu, babur ɗaya ya ɗauki Kawu da buhun gero. Garmaho da akwatin suka zauna, ba mu sake ganinsu ba. Faifan nan da ya fi so kaɗai ya soke cikin rigarsa, kuma kafin ya rasu ya ba ni.

Yanzu ina karatu a Katsina, wayata cike da waƙoƙi, ni ma ina bin tsofaffi ina tambayar fayafai. Na samu huɗu, garmaho ne ban samu ba. Nakan rera kiɗan a zuciyata, kuma duk na zo wurin karcen nan sai in yi tsalle. Na manta yadda yake kafin in taɓa shi.