Reshen da Maharazu Ya Bari

A ƙauyenmu da ke arewa da Agiye, babu wanda ya kai Maharazu iya sassaben zamani. In ya tarar da kututturen gawo ko kalgo ya yi toho a gona, sai ya tsuguna ya zaɓi reshe mafi ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Da haka ya mai da faƙon da ya gada gona mai inuwa. Ya kuwa san ya iya, shi ya sa in ana maganar itace ba ya jin ta kowa. Ni maƙwabcinsa ne, na sha haushin wannan taurin kai nasa.

Matarsa Tchima ido ya mutu mata bayan ta manyanta. 'Yarsu Munira, da ke aure a Maraɗi, ta kawo mata dashen wardi mai hawa bango, don tsohuwa ta riƙa jin ƙamshi tun da ba ta gani. Maharazu ya dasa shi gindin rumfa, inda ranar yamma ba ta dukansa, ya zuba takin akuya. Da sanyi ya shigo ya yi jajayen furanni, ƙamshinsu har gidana. Tchima ta mai da tabarmarta can, ta daina zaman ɗaka.

Da bazara awaki suka faɗa gidan suka cinye shi. Da aka ci gaba da ban ruwa sai ya fitar da toho biyu. Ɗaya siriri ne, daga saman wani ƙulli a jikin karan, ɗayan kuwa ƙato, daga ƙasa. Maharazu ya ɗauko wuƙa.

Tchima ta laluba da hannu ta ce, "Malam, bar ƙaramin nan. A wajensa nike tsinkar hure."

Ya ce, "Haba Tchima! Ni za ki koya wa icce?"

Ya yanke siririn.

Ƙaton kuwa ya yi ta hawa har ya rufe rumfar, ga ƙaya, ga ganye, amma babu fure. Sai da Munira ta zo ganin gida ta duba gindin, ta riƙe baki. Ashe wardin mai aure ne, kamar mangwaron lambu. Mai ƙamshin an ɗaura shi ne a kan saiwar wani na jeji, kuma shi ne wanda babanta ya yanke. Ta ce za ta kawo wani, Maharazu ya ce a'a, nasa zai yi. A nan ne raina ya fi ɓaci da shi.

Ya yi ɗin kuwa, bayan shekaru. Wasu 'yan furanni ne farare ƙanana. Lokacin Tchima tana kwance ba ta fita. Ina wurin ya tsinko ɗaya, ya shinshina, na ga fuskarsa ta canza. Duk da haka ya shiga ya kai mata hanci. Ta daɗe tana shaƙa.

Ta ce, "Akwai ƙamshi, Malam. Sannu da ƙoƙari."

Damina ba ta faɗi ba ta rasu. Yanzu baƙi suna zama a rumfar suna yabon inuwa, shi kuwa ba ya tanka musu. Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar, muna dawowa daga gona. Ya ce, "Babu ƙamshin komai, ta kuma sani. Da ma faɗa ta yi mini."