Malam Amos da Takardar Lauyan Tudun Marke

Duk wanda takardar Turanci ta sha wa kai a ƙauyukan da ke tsakanin Kafur da Malumfashi, gidan Malam Amos yake nufa. Amos ɗan manomin auduga ne, haifaffen Gangaren Rafi. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka fara shiga coci a garin, shi ya sa Amos ya yi makarantar mishan tun ana gudun boko. Ya koyar da Turanci a firamare shekara talatin da ɗaya, ya yi ritaya, ya koma noman masara da waken suya. Mutum ne mai tsoro, kuma da bakinsa yake faɗa. Ko kare ya yi haushi a lungu sai ya sake hanya.

A wata damina rikici ya tashi tsakanin Gangaren Rafi da maƙwabtansu na Tudun Marke a kan fadamar shinkafa. Magana ta je kotu, kowane gari ya ɗauki lauya. Shekarar kuwa ba mai daɗi ba ce. 'Yan bindiga suna ɗauke mutane a gonaki, kowa na zargin akwai masu kai musu rahoto daga cikin gida. A irin wannan lokaci, wanda aka kira abokin gaba ba a jiran kotu a kansa.

Wata Talata da hantsi babura biyu suka tsaya a ƙofar gidansa. Mahadi ne, shugaban 'yan sa-kai na Tudun Marke, da bindigar toka a kafaɗa.

"Malam, mai unguwarmu na kira. Takarda za ka karanta mana."

"To me ya hana a kawo ta nan?"

"A gaban jama'a ake so a ji."

Matarsa Mairamu ta ajiye rariyar da ke hannunta, ta riƙe masa gefen riga. Ya ce mata yanzu zai dawo. Ya hau bayan Mahadi, bakin bindigar na gugar kunnensa har suka isa.

A gindin marken ƙofar mai unguwa ya tarar da maza sun fi ɗari, wasu da adduna, wasu da gora. Da ya yi sallama, tsofaffi kaɗai suka amsa. Nan ya ji yadda aka yi. Lauyansu ne ya aiko da takarda, Kabiru mai cajin waya ya ɗauki kalma ɗaya daga ciki ya sa a waya, waya ta ce masa abokan gaba. Kafin gari ya waye labari ya zama kotu ta tabbatar mutanen Gangaren Rafi ne ke sayar da su ga 'yan daji.

Amos ya karɓi takardar. Ya shimfiɗa ta a kan gwiwa ya karanta. Layi shida ne kacal. Lauya na cewa kada su yi gardamar fadama da waɗanda suke shari'a da su kafin ranar zama. Kalmar da ta tada gari tana layi na uku: *opponents*.

Ya san in ya sassauta ma'anar kalmar za a ce ɗan Gangare ne, danginsa yake karewa. Ya san kuma yawancin matan garinsu suna gona a wannan sa'ar, fadamar ce kawai tsakaninsu da waɗannan adduna.

"Ranka ya daɗe," ya ce da mai unguwa, "kalmar nan ba ta ce abokan gaba ba. Abokan karawa ta ce. Kamar 'yan dambe biyu a fage. Kowa na son kada ɗan'uwansa, amma in an tashi sai su sha fura a ƙwarya ɗaya."

Kabiru ya ɗaga wayarsa sama. "To waya ce ta yi ƙarya, Malam?"

"Waya kalma ɗaya ka ba ta, ba ka gaya mata a kotu ake ba. Bature yana da sunan wanda kuke takara da shi, yana da na 'yan adawa a siyasa, yana da na wanda kuke shari'a. Duk cikinsu babu mai neman ranka."

Wani daga baya ya yi tsaki, ya ce dama me ake tsammani daga bakin ɗan garinsu. Hayaniya ta tashi, aka fara matsowa.

Mahadi ya buga gindin bindiga a ƙasa, aka yi tsit. "To mai neman ranka fa, yaya suke ce masa?"

Amos ya tsuguna, ya rubuta *enemy* da yatsa a kan ƙasa, manya-manya. "Ga shi nan. Kabiru ya duba takardar. In ya same shi a ciki, ku fara da ni."

Bai san lokacin da ƙarshen maganar ya kuɓuce masa ba. Kabiru ya bi layukan da farce, ya kai ƙasa, ya sake komawa sama.

"Babu," in ji Kabiru, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ba kowa ya gamsu ba. Mai unguwa ya sa aka kira lauyan, aka buɗe muryar waya kowa na ji, lauyan ya maimaita abin da Amos ya faɗa da Hausa, har da faɗa a kai. Sai a nan tsofaffi suka fara tashi suna kaɗe riguna, matasa suka bi su a hankali.

Amos ya ƙi a mai da shi a babur. Ya tako da ƙafa, da ya wuce gonar dawa ta ƙarshe ya zauna a kan kunya ya yi amai. Kwana uku ya yi kwance da zazzaɓi.

Bayan wata bakwai kotu ta raba fadamar, kaso mafi girma ya tafi Tudun Marke. Wasu a Gangaren Rafi sun daina gaishe shi, wai ya je ya yi wa abokan shari'arsu aiki. Har yau yana karanta wa mutane takardu a zaurensa, sai dai in ka zo masa da kalma ɗaya a baki ba zai fassara maka ba, sai ka koma ka kawo takardar gaba ɗaya.