Idon Gomer

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon zari-ruga a filin ƙungiyar Cwm Helyg, a kudancin Wales, ya san a karkace filin yake. Gefen kogi ya fi gefen coci ƙasa da kusan tsayin mutum. Shi ya sa 'yan gida kan zaɓi hawa a zagayen farko, don su gangaro wa baƙi bayan hutu, lokacin da ƙafa ta yi nauyi.

Idwal Prosser ya shekara talatin yana yanke ciyawar filin, yana zana layukansa. Kakansa Gomer ne ya jagoranci masu haƙar kwal suka baje tsibin tarkacen ma'adinai suka mai da shi fili, a shekarar babban yajin aiki, da shebur da igiya da kwalbar ruwa ta awo. Tun daga nan, duk abin da ya karkace a garin, ko kanta ce ko hula, sai a ce "idon Gomer".

"Jikan Gomer, yau ma layin naka ya biya ta mashaya ne?" in ji Glyn Mai Madara, abokinsa tun na makaranta.

"Ji mai magana. Shekara arba'in kana sayar mana da ruwan famfo."

Idwal yakan yi dariya, amma abin na cinsa. Ya san kakan nasa, mutum ne da ko hoto ya gani a karkace a gidan wani sai ya tashi ya gyara. Yaya aka yi fili guda ya kuɓuce masa?

Bara hukumar gasar zari-ruga ta turo wata mai awon ƙasa, Nerys Bevan. Idwal ya wuni yana riƙe mata sandar awo. Da suka zo katangar da aka gina shekara ɗaya da filin, sai ta tsaya. Jerin tubalan ya karkata daidai da ƙasar.

"Baba, ba maginin da zai jera tubali haka. A miƙe aka gina ta."

Bayan mako guda ta dawo da tsohuwar taswirar mahaƙar kwal ta garin. Wani rami ya ratsa ƙarƙashin gefen kogi, an haƙa shi shekara ashirin da wani abu bayan buɗe filin. Gomer daidai ya auna. Ƙasa ce ta zauna a hankali.

Idwal ya sa tabarau, ya bi ramin da yatsa har bakin takardar, inda aka rubuta sunan shugaban ayarin da ya haƙa shi: Elfed Prosser. Mahaifinsa.

Ya ɗago kai ya dubi Nerys.

"'Yata, a rahoton naki dole ne a sa sunan wanda ya haƙa?"

"A'a, Baba. Zurfi da shekara kawai suke so."

"To rubuta shekarar da manyan baƙaƙe. Ki ba ni kwafi biyu, ɗaya zan liƙa a ƙofar Glyn."