Hannun Gofur Mondol

Shekara talatin da ɗaya Gofur Mondol ya yi yana dakon 'ya'yan kifin rui daga garin Jashor zuwa tafkunan ƙauye. Tukunyar alminiyam ɗaya ce, cike da dubban 'ya'yan kifi, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Sana'ar ba ta da wani sirri sai ɗaya: hannu ba ya tsayawa. Tafin hannu zai yi ta dukan ruwan don iska ta shiga. Ka huta minti goma, kifin su taso sama suna haki, su juya farin tumbinsu sama. Matarsa Rahela ta sha yi masa tsiya cewa ko barci yake sai ya riƙa buga mata baya, sai ka ce ita ma tukunya ce.

Hannunsa na hagu tun bara ya daina moruwa. Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar nan jirgin ƙasan da ya shiga da tukunyarsa ya tsaya cak a tsakiyar gonakin shinkafa da tsakar rana, ba wanda ya san dalili. Zafi ya cika taragon. Wata malamar makaranta da ke zaune gabansa tun daga tasha take mita.

"Baba, wai ba za ka daina fantsama min ruwan ƙarnin nan ba? Zanena sabo ne fa."

"Yi haƙuri 'yar nan, su ma numfashi suke nema."

Bayan awa guda yatsun hannunsa na dama suka ƙanƙame. Ya matsa, suka ƙi. Ya gwada hagu, ko ɗagawa bai iya ba. Ruwan ya kwanta luf, ƙananan bakuna suka fara bayyana a sama. Tsoro ya kama shi sosai, ga kunyar roƙon wadda ya ɓata wa zane.

Ta dubi tukunyar, ta dubi hannunsa. Sai ta tura awarwaronta sama, ta durƙusa.

"To nuna min, tun da ka riga ka gama da zanen."

Ya ce da tafi ake yi, kada ta nutsa hannu. Haka ta yi ta duka, tana gumi tana mita, har jirgin ya motsa.

Kifin sun isa tafki da rai. Da ya koma gida Rahela ta ajiye masa shinkafa, ta tsaya tana kallon hannunsa kwance a gwiwa, ko motsi ba ya yi. Ba ta yi masa tsiya ba. Ta jawo kwanon, ta cuɗa loma, ta kai masa baki.